Waya Biyu a Gidan Malam Jibrin

Ni dai na sha faɗa, kuma zan ƙara: kara tana da kyau, amma irin ta mijina Malam Jibrin ciwo ce. Mutumin da in mai tumatir ya zuba masa ruɓaɓɓe sai ya karɓa har da godiya, wai kada ya ba bawan Allah kunya a gaban jama'a. Haka na zauna da shi a Badarawa, ina faɗa yana murmushi, har shekarar da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rage ma'aikata, sallamar ta haɗa da shi.

Da aka ba shi kuɗin sallama, abokansa wasu suka sayi babur, wasu suka koma ƙauye. Shi kuwa Malam sai ya dawo mini da wani akwatin katako mai ƙofar gilashi a bayan akori-kura, wai akwatin ƙyanƙyasa ne, da lantarki yake aiki. Sauran kuɗin ya zuba su a ƙwan kajin gidan gona, ya cika akwatin taf. Na riƙe haɓa na ce, "Malam, yanzu guminka na shekara da shekaru ne ka mayar ƙwai?" Ya ce, "Yalwa, ki yi mana addu'a kawai." Na yi addu'ar, don ba ni da wata dabara. Muka ajiye akwatin a ɗan ɗakin da ke jikin zaure, kuma daga ranar duk abin da muka mallaka a duniya yana cikinsa.

Sharaɗin abin ɗaya ne. Sati uku ƙwan zai yi cikin ɗumi, ana juya shi safe da yamma. In ya yini cikin sanyi, ɗan tsakon da ke ciki ya mutu, shi ke nan, sai dai a kwashe a zubar a bola.

A lokacin in wutar gwamnati ta ɗauke, mutum biyu ne ke ba layinmu wuta. Na farko Inuwa mai injin niƙa, Bazamfare, abokin Malam tun suna samari, shi ma ya yanka ragon sunan 'yarmu Rahmatu. Inuwa ya samo wani tsohon dainamo a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka, abin nan da in inji ya juya shi yake ba da wuta, ya kafa shi kusa da injin niƙansa. Da rana bel yana kan niƙa, mata na kai masara da gero. Magariba na yi sai ya kwance bel ɗin ya maida kan dainamo, fitilu su kama a gidajen da ya ja wa waya. Wutar ba wani ƙarfi gare ta ba, ja-ja-ja take, amma yara suna karatu da ita, mu ma muna ganin abin da muke ci. Shekaru muna kan wayarsa.

Na biyu Alhaji Shehu, Bakatsine, ɗan kasuwa. Wani gidan burodi ya rufe, Alhaji ya saye janaretansu, ƙato, ya gina masa ɗaki a bayan gidansa. Shi tun hantsi yake tayarwa, ya ɗan huta da azahar, ya ci gaba har bayan isha'i. Teloli da masu aski da masu firji duk suka koma wajensa. Sai dai Alhaji yana da doka: duk wanda zai karɓi tasa, sai ya sauke ta Inuwa.

Kai, mun ga gasa! Alhaji ya rage farashi, Inuwa ya rage. Alhaji ya ba masallaci wuta kyauta, Inuwa ya ba makarantar Islamiyya. Inuwa ya ƙara lokaci, Alhaji ya ce in fitilar mutum ta mutu shi zai sake masa. Mu mutanen layi kuwa gaba ta kai mu, ban taɓa ganin ana lallashin talaka a kan wuta ba sai a shekarar nan. Su biyun dai in sun haɗu a masallaci, da kan yatsu suke gaisawa, kowa na kallon wani gefe.

Ƙwanmu ya yi kamar sati a akwati, cikin watan Agusta, aka yi wani ruwa mai tsawa da la'asar. Tsawar ta faɗa wa taransifomar unguwa. Mun ji ƙarar har cikin ƙirji. Da ruwa ya tsagaita maza suka je suka gani, ta yi baƙi ƙirin tana hayaƙi, aka ce ba ranar gyara ko kusa.

Malam bai ko sa takalmi daidai ba ya tafi wajen Inuwa. Inuwa bai bari ya gama magana ba ya ce zai riƙa barin inji har asuba saboda ƙwan, kuma kada ya ji maganar ƙarin ko kwabo. Dare ya samu ke nan. Saura rana, don inji ɗaya ne, bel ɗaya, kuma niƙa shi ne abincin gidan Inuwa.

Na ce, "Malam, rana sai Alhaji. Ka je ka gaya wa Inuwa gaskiya, ka ce larura ce. Ka je ka gaya wa Alhaji gaskiya, ka ce ba za ka iya sauke ta Inuwa ba saboda dare."

Ya ce to. Ya fita. Wallahi da ya dawo ina ganin yadda yake sosa ƙeya na san an yi ta.

"Me ka ce wa Alhaji?"

"Ya ce in sauke ta Inuwa, na ce to."

"Inuwa fa?"

"Ya tambaye ni yadda za mu yi da rana, na ce za mu riƙa lulluɓe akwatin da bargo."

"Ba ka gaya masa za ka karɓi ta Alhaji ba?"

"Haba Yalwa, da wane ido? Mutumin da zai kwana a kan inji saboda ni?"

Na ce, "Innalillahi! Malam, taura biyu ba ta taunuwa." Ya ce kwana nawa ne duka, da an ƙyanƙyashe shi ke nan. Ya shiga bayi ya bar ni ina magana da bango.

Washegari mai gyaran wutar Alhaji ya jawo waya ta bayan gida, ta kan katangar maƙwabta, inda Inuwa ba zai gani ba. Ya kafa gidan fis ɗinsa, wanda sai an danna masa fis wuta ke shigowa, a bangon ɗakin ƙwai, ɗan nesa da na Inuwa. Ya nuna wayar Inuwa ya ce wannan fa? Malam ya ce ai matacciya ce, zai sauke ta da kansa. Mutumin ya ja masa kunne ya ce kada a kuskura wuta biyu su haɗu a gida ɗaya, in suka haɗu ƙaramin inji ne zai ƙone. Yana fita Malam ya buga ƙusa ya rataye tabarma a kan gidan fis ɗin Alhaji.

Ni ce na kawo dabarar da ta riƙe mu. Na zare fis ɗin Inuwa na jefa a ƙasan adaka, na ce fis ɗaya za a bari a ɗakin nan. Da safe a sa shi a na Alhaji, da magariba a cire a maida na Inuwa. Tunda ɗaya ne, ko mutum ya manta ba yadda za a yi wuta biyu su gamu. Malam ya ce, "Kai, Yalwa, kanki na ja." Na ce ja ko ba ja, ƙarya dai muke yi wa bayin Allah biyu, kuma ba na jin daɗinta.

Abin ya tafi lafiya ƙalau. Da yamma mukan rufe ƙofa mu haska ƙwan da tocila, mu ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki, daga baya har mu ga abu yana motsi. Malam ya riƙa yi musu magana kamar 'ya'yansa. Na yi masa tsiya, amma ni ma in ba ya nan sai in leƙa in ce, "Sannunku, ku dai yi haƙuri ku fito."

Saura 'yan kwanaki a ƙyanƙyashe, ranar wata Laraba da aka tashi da yayyafi da sanyi, Inuwa ya yi sallama bayan azahar. Lokacin janaretan Alhaji na hutu, ɗakin ba wuta. Ni ina jin muryar namiji na shige cikin gida na ci gaba da wankina, don haka abin da ya faru a ɗakin daga bakin Malam na ji shi daga baya, yana faɗa yana share ido.

Inuwa ya ce sanyin ranar ne ya hana shi sukuni. Ya ce, "Jibrin, wanga sanyi bargo ba ya yi mashi. Na sallami mata, na ce su dawo da la'asar. Yanzu zan tahi in maida bel, in ba ka wuta ko ta awa guda, ƙwan su ji ɗumi." Sai idonsa ya kai kan gidan fis ɗinsa, ya gan shi wayam. Ya ce, "Af! Mi ya sa ka cire?" Malam ya ce ai tsagewa ya yi. Inuwa ya sa hannu a aljihu, don shi ba ya rabo da irin waɗannan tarkace, ya fito da wani fis ya danna da hannunsa.

To ga na Alhaji a bayan tabarma, a ciki daram. Malam yana tsaye yana kallo. Kalma ɗaya ce, ya ce "Dakata, Inuwa," amma bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ya ce a ransa bari ya raka shi ƙofar gida ya dawo da gudu ya zare.

Ku kuwa kun san rakiya. A ƙofar gida Inuwa ya riƙe hannunsa yana ba shi labarin tsadar man gas. Suka kai gindin dalbejiya, Malam ya ce to a nan zan tsaya, Inuwa ya ce haba, taho ka kama mani bel mu yi sauri. Mutum zai bar neman abincinsa saboda kai, ka ce masa ba za ka kama bel ba? Malam ya bi shi. Ya kama bel ɗin da hannunsa yana addu'a Allah Ya sa Alhaji ya makara.

Alhaji bai makara ba. Ina tsugune a kan baho na ji janaretansa ya tashi, na ji injin Inuwa ya tashi, har na ce yau kuma niƙan wa ake yi da wannan ƙarfi. Sai na ji wani gurnani, sai fau! Duka biyun suka yi tsit. Warin ƙonannen roba ya biyo iska har tsakar gidana.

Na ruga ɗakin ƙwai na yaye tabarma, na ga fis nan, fis can. Na zauna a ƙasa daɓas.

Dainamon Inuwa ya ƙone ƙurmus. Janaretan Alhaji bai yi komai ba, kashe kansa ya yi. Amma kafin la'asar mai gyaransa ya bi waya gida-gida har ya iso namu, ya ga abin da ya gani. Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar gida yana faɗa, layi ya cika. Ya ce shi ba a taɓa yi masa irin wannan cin amana ba, da injinsa ya ƙone wa zai biya shi, ƙwai? Ya sa aka hau aka yanke wayarsa aka naɗe. Malam yana durƙushe yana ba da haƙuri, Alhaji ya kaɗa riga ya tafi. Ban ga laifinsa ba, ko ni ce abin da zan yi ke nan.

Inuwa kuwa yana cikin taron, hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi wayar da ake naɗewa, ya dubi Malam, ya juya ya tafi. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da Malam ya shigo na sauke masa kwandon bala'i. Na ce, "Ka ga karar taka? Ka ƙi ba mutum kunya ta minti ɗaya, ka ƙone masa abin da ya tara shekaru yana lallaɓawa! Ga ƙwanka can yana hucewa, sai ka je ka kwanta a kai!" Ya sunkuyar da kai. Na tara barguna da zannuwan gado na lulluɓe akwatin. Na sa hannu ciki, ɗumin yana nan amma yana raguwa. Na tashi zan hura gawayi, ga itace ya jiƙe, ga gawayin bai fi tafin hannu ba. Wata maƙwabciya ta ce a rarraba wa kajin unguwa su kwanta. Na ce kazar wa za ta kwanta a kan ƙwai cike da akwati?

Ina cikin fifita gawayi ina hawaye, aka yi sallama. Jummai ce, matar Inuwa, da bokiti a ka yana tururi. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ta sauke ta ce, "Ke Yalwa, ba kuka na zo ji ba. Kawo kwalabe." Ashe injin niƙan bai mutu ba, dainamon ne kawai. Injin kuwa yana da duro na ruwan da ke sanyaya shi, in yana aiki ruwan zafi yake yi sosai. Inuwa ya maida bel kan niƙa, ya ce a riƙa ɗibar ruwan duron ana kawo mana.

Muka tattaro kwalaben lemo da na man gyaɗa, muka cika, muka toshe, muka nannaɗe da tsumma muka jera a ƙasan akwatin. In sun huce mu juye mu sake. Jummai ta yi ta safa tsakanin gidanmu da injin cikin yayyafi, zanenta ya jiƙe sharkaf. Na ce, "Jummai, da wane baki zan yi miki magana?" Ta ce, "Da wanda kike zagin Malam da shi, ai har gidanmu muna ji." Na yi dariya ina kuka.

Ruwan zafi ya riƙe mu ranar da daren, amma kowa ya san ba zai kai mu ba. Wani gefen akwatin ya yi zafi, wani gefen ya yi sanyi, ga shi ba a so a yi ta buɗe ƙofa a kwanakin ƙarshe. Malam ya je wajen liman, liman ya je wajen Alhaji, Alhaji ya ce a yi masa haƙuri, ya riga ya rantse. Na ce shi ke nan, Allah Ya ƙaddara mu koma gidan jiya.

Washegari da hantsi ina shara sai na ji motsi a kan katangar baya. Na ɗaga kai na ga mai gyaran wutar Alhaji da waya a kafaɗa. Na ja mayafi na ce, "Lafiya?" Ya ce Alhaji ne ya ce a maida mana wayar. Ya ce kuma a gaya wa Malam, janareta ba zai huta ba, ba dare ba rana, sai ƙwan nan ya fashe. Ya shiga ɗakin ya cire gidan fis ɗin Inuwa gaba ɗaya daga bango, ya haɗa na Alhaji. 'Yar fitilar akwatin ta kama.

Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Na ce liman ya yi aiki, Allah Ya tausasa zuciyar Alhaji. Malam ya je godiya, Alhaji ya ce masa a daƙile, "Ba ni za ka gode wa ba," ya shige gida. Muka ɗauka Allah yake nufi, muka ce gaskiya ne.

Kuma Alhaji ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Lokacin man gas wahala yake, sai an kwana a layi ko a saya a jarka da tsada, amma janaretan nan bai tsaya ba sai 'yan mintocin duba mai. Mutanen layi suka sha wuta ba dare ba rana a kan kuɗinsu na da, har wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko za mu ƙara zuba wani ƙwan.

Ranar Lahadi da sassafe na shiga ɗakin na ji ƙyas-ƙyas, sai wani siririn kuka. Na leƙa ta gilashi na ga ɗan baki ya huda ɓawo. Na ƙwala wa Malam kira har ya zubar da kokonsa. Muka durƙusa a gaban akwatin, tsofai-tsofai da mu, muna kallo. Kafin azahar sun fara fitowa a jiƙe, suna tangaɗi, suna bushewa suna zama rawaya. Ba duka suka fito ba, layin da ke jikin ƙofa sanyi ya taɓa shi, mun yi asararsa. Amma mafi yawa sun fito, ɗakin ya cika da tsiyau-tsiyau har ba ka jin maganar na kusa da kai. Malam ya yi sujada a kan siminti.

Na zuba wasu a kwando na rufe da zane, na ce bari in kai wa Jummai ta fara gani, ita da ta sha yayyafi. Ina fita na ga tsani a jingine da falwaya, mai gyaran wutar Alhaji a sama. Wayoyin Inuwa yake kwancewa daga inda suka nufi injin niƙa, yana ɗaura su a kan layin Alhaji. Ba gida ɗaya ba, duk gidajen.

Na shiga wajen Jummai na ajiye kwando na ce, "Me nake gani a waje? Ba za a gyara dainamon ba ne?"

Ta ɗauki ɗan tsako ta kama wasa da shi a tafin hannunta. Na matsa mata. Ta ce Inuwa ya hana ta faɗa, amma tunda na gani da idona ba amfanin ɓoyewa. Ta ce a Panteka an ce za a iya sake naɗa dainamon, amma sai ya yi sati biyu ko fi, kuma masu karɓar wutarsa duk sun ce za su jira shi. Shi ya ce ƙwai ba zai jira ba. Ranar Alhamis da asuba, bayan an sallame salla, ya bi Alhaji har ƙofar gida, mutumin da ya shekara bai taka ƙofarsa ba. Ya ce masa ya zo ya bar masa duk gidajen da yake ba wuta, da wayoyin da ya ja da kuɗinsa, kuma ya yi alkawari ba zai sake sayar da wuta a layin nan ba. Abin da yake so kawai a maida wayar Jibrin, a bar janareta yana aiki har ƙwan ya fashe. Alhaji ya ce rantsuwarsa fa? Inuwa ya ce shi zai ciyar da miskinan kaffara.

Na ce, "Jummai, kin yarda aka yi wannan?"

Ta ce, "An tambaye ni ne? Na yi faɗa na gaji. Ai ba ke kaɗai ke da miji mai ciwo ba."

Ban san yadda na dawo gida ba. Na gaya wa Malam, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ƙwai ya rufe fuska da hula. Wannan karon abin ya fi ƙarfin faɗa.

Da la'asar Inuwa ya yi sallama, wai ya zo ganin 'yan tsaki. Na tsaya a bayan ƙyauren tsakar gida ina jinsu. Malam ya fara magana, Inuwa ya katse shi.

"Bari, Jibrin. Ni na sa fis ɗin da hannuna."

"Ni na yi shiru, Inuwa. Ina kallo ka sa."

"To, wannan kam ka yi. Kuma shi ɗai ya yi mani zahi, ba dainamo ba. Da ka hwaɗa mani ka amshi ta Alhaji, ni da kaina zan zo in sa maka abin canjin wuta, yadda ba su gamuwa. Kana zaton ban san ƙwai na son wuta da rana ba? Kwana nike ina tunanin bargon nan naka."

Malam ya ce, "Kunyarka na ji."

Inuwa ya ce, "Kunya da ni? Wanga ba kunya ba ce, maida ni baƙo ka yi." Sannan ya ce, "Ya wuce. Miƙo mani guda in gani."

Ban saba magana da abokan Malam ba sai gaisuwa daga nesa, amma ranar na kasa haƙuri. Na ce daga bayan ƙyaure, "Malam Inuwa." Ya ce, "Na'am, uwargida." Na shirya magana mai tsawo tun a hanyar dawowa daga wajen Jummai, duk ta gudu. Abin da ya fito kawai, "Sana'arka fa?"

Ya ce, "Niƙa na nan, ba mu kwana da yunwa. Shi kau in waɗanga sun mutu, mi ya rage mashi?"

Na ce, "Allah Ya saka maka da alheri. Allah Ya haskaka kabarin iyayenka. Allah Ya sa kada ka taɓa neman abu a wajen wani ka rasa." Sai kuka ya zo mini. Ya ce amin, amin, ya isa haka, a dai kula kada iska ta buge su, kuma a sa ɗan sukari a ruwan shansu na farko. Ya sa takalminsa ya fita. Malam ya tashi zai raka shi, ya ce a'a, zauna wajen kajinka.

Kajin nan su suka tsayar da mu. Daga su muka sake zubawa, muka sake, har Malam ya kama fili a Rigasa ya yi musu rumfa. Duk abin da muka kai gidan Inuwa daga baya, kaza ko ƙwai, yakan karɓa ya yi godiya, amma maganar dainamo ya ce kada a sake tayar masa da ita, alkawari ya yi wa Alhaji. Har yau ba na idar da salla ban ambaci sunan Inuwa ba.

Amma abin da ba ya barin idona shi ne magaribar ranar Lahadin nan. Na fito ƙofar gida zubar da ɓawon ƙwai, ana kiran salla. Injin niƙa shiru, lokacin da ya saba tashi ya wuce. Na hango Inuwa a ƙofar gidansa a kan buta yana alwala, sai fitilar da ke saman kansa ta kama, fara tas, da wutar Alhaji Shehu. Ya ɗaga kai ya dube ta, sannan ya sunkuya ya ci gaba da wanke ƙafarsa.